Hasumiyar da Teku Ta Cinye

Calimurro, 6 ga Mayu, 2019

Zuwa ga ƙanena Pantaleo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Monique da yara da jikoki. Allah ya ƙara maka ƙarfi, ya raba ka da tarin nan da na ji a muryarka ranar Kirsimeti, ko da yake ka rantse mini babu komai. Na san za ka ce me ya hana ni buga waya. Na ɗauki wayar ya fi sau goma ina ajiyewa. Abin da zan faɗa ba na waya ba ne, domin a waya kai kana katse ni, ni kuma ina kuka, mu rabu babu wanda ya ji wani.

Ni dai ina nan da sauƙi, gwiwar ce kawai take hana ni hawa soro shanya tumatir. 'Yata Fiorina tana can Torino da mijinta, ta ce za su zo hutun bazara, amma haka ta ce bara. Itatuwan zaitun na gonar Baba duk sun mutu, har da babban nan mai kogo da muke ɓuya a ciki muna yara. Cutar da ta kama su ba ta bar ko ɗaya ba daga nan har Leuca. In ka hau tudu ka duba sai ka ce gobara aka yi, sai dai babu toka. Bana man zaitun saya na yi a kanti, cikin kwalba mai rubutun wata ƙasa, na ɓoye ta a bayan kabad kamar kayan sata. An rufe makarantar firamare don babu yara. Fada Liborio ya ce tun shigowar shekara ya binne mutum goma sha ɗaya, jariri ɗaya tak ya yi wa baftisma, shi ma iyayen baƙi ne.

Yanzu ga dalilin takardar. Tsohuwar hasumiyar nan ta bakin teku ta faɗi, Pantaleo. Fedele ya rasu a cikinta, Yaya Oronzo kuma ya rasa hannunsa na dama. Na fara da ƙarshen ne don kada ka yi ta karatu gabanka na faɗuwa. Kusan wata biyu ke nan, kuma Yaya ne ya hana kowa gaya maka. Ka zauna in ba ka labarin tun daga farko, domin a gaban idona aka yi.

A tsakiyar Fabrairu iskar kudu ta taso, ta yi kwana uku ba ta huta ba. Ka san ta, mai manna gishiri a gilashin taga, ta sa burodi ya yi laushi a kwando. Amma irin ta bana ban taɓa gani ba. Ruwa ya tsallake katangar tashar jirage ya jefo kwale-kwale biyu kan titi. Da safiyar rana ta huɗu Fedele ya fita duba komarsa. Ba ka manta shi ba, abokin Yaya, masuncin nan mai gajerun ƙafafu da ya tura ka cikin ruwa don ka koyi iyo. Bai ko ɗaure jirginsa da kyau ba ya zo gidan Yaya da takalminsa na roba. Ya ce kogon da ke ƙarƙashin hasumiya, wanda da jirgi ɗaya ne kawai yake shiga, yanzu har cocinmu zai haɗiye ya nemi ƙari, kuma ginshiƙin dutsen da ke tsakiyarsa babu shi. Muka tafi mu uku. Tsagewa ce tun daga gefen ƙofa har saman gini, Yaya ya sa hannunsa a ciki ya shige har wuyan hannu.

Bayan mako guda hukuma ta aiko injiniya daga Lecce, yarinya ce mai hankali, ba za ta wuce sa'ar Fiorina ba. Ta auna, ta ɗauki hotuna, ta sa aka kewaye wurin da jan ƙyalle da allon gargaɗi. Ta yi wa Yaya bayani cikin ladabi, tana ce masa Baba. Ta ce ba ginin ne ya gaza ba, dutsen da yake zaune a kai ne teku ta rarake, kuma babu abin da za a yi. Ya tambaye ta ko za a bari a kwance bakan ƙofar da ke saman matakala, wato jerin duwatsun da suka lanƙwasa a kan ƙofar, a kai shi tudu. Ta ce kayan tarihi ne, ko tsakuwa ba a taɓawa sai da takarda, takardar kuma takan ɗauki shekara biyu. Yaya ya dube ta ya ce shekara ɗari huɗu da hamsin tsohuwar nan tana tsaye tana gadin mutane, bai taɓa jin ta nemi takarda kafin ta kunna wuta ba. Yarinyar ba ta yi fushi ba. Ta ce ta fahimta, amma kada ya kuskura ya tsallake ƙyallen, domin ita ba ta san ranar ba, shi ma bai sani ba.

Ka san abin da bakan nan yake a wurinsa. Kana tuna ranar da Inna da Baba suka kai mu babban cocin Otranto muka ga ƙasusuwan mutum ɗari takwas ɗin nan a bayan gilashi, ka fito waje ka yi amai a kan takalmina? A hanyar dawowa ne Baba ya tsaya da mu a hasumiya, ya ce bayan abin da Turkawa suka yi wa mutanen can ne aka jera irinta a bakin teku, kowace tana hango 'yar'uwarta, hayaƙi da rana, wuta da dare, don mutanen ƙauye su sami lokacin gudu. Ya ɗaga mu ɗaya bayan ɗaya muka taɓa ɗan kifin nan mai layi biyu a ƙarƙashi da aka sassaƙa a dutsen tsakiyar baka, ya ce hannun kakanmu ne. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, Allah masani. Amma Baba da alamar yake rufe duk aikinsa, Yaya ma haka, har a bayan mala'ikun da ya gyara a cocin Lecce, inda babu mai gani sai tattabaru.

Da ya gaya mini niyyarsa na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce masa shekararsa saba'in da ɗaya, ga ciwon suga, ga zuciya. Na ce zan kai shi ƙara da kaina. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni ko akwai sauran jan fenti a ɗakin ajiyar marigayi mijina Rocco. Na je wurin Fedele don ya hana shi, ashe shi ne ma ya ba da aron igiya da ƙugiya. Ya ce mini, Abbondanza, in na bar tsohon banzan nan shi kaɗai zai faɗo ya mutu, a ce ni na ƙi riƙe masa tsani, gara in je in ga faɗowar da idona in sami labarin bayarwa.

Kwana tara suka yi suna aikin, da rana tsaka, gari duka ya sani. Har ɗan sandanmu in ya zo wucewa ta hanyar sai ya ga wani abu mai ban sha'awa a sararin sama. Yaya ya haɗa katakon da ake ɗora baka a kai, ya tokare bangon da ke sama da gungume, ya sa wa kowane dutse lamba da jan fenti. Goma sha bakwai ne. Suna zare ɗaya, su sauko da shi da igiya, su ɗora a 'yar a-kori-kurarsa mai ƙafa uku, su kai tsakar gidansa. Na rantse ba zan taka wurin ba, amma a rana ta biyu na tsinci kaina da kwando, dakakken wake da ganye mai ɗaci da burodi da 'yar kwalbar ruwan inabi. A bakin ƙyalle nake tsayawa in kira su. Tun daga nesa kana jin su. Fedele yana cewa shi da ya yi shekara hamsin yana sarauta a teku, ga shi ya ƙare a jakin magini, kuma bai san wa zai riga faɗuwa ba tsakanin hasumiyar da mai gyaranta. Yaya yana ce masa ya ja igiya ya rufe baki, kifi ma ya daina jin tsoronsa balle dutse.

Ba zan ɓoye maka ba, kwanakin nan na ga Yaya kamar yadda ban gan shi ba tun rasuwar matarsa. Yana ci da yawa, yana dariya. Iskar arewa ta share sama, duwatsun Albaniya suka fito da farar ƙanƙara a kansu kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ruwa ya koma kore shar, kana ganin fararen duwatsu a ƙasansa, ga hasumiyar gaba can wajen Leuca tana tsaye ita kaɗai. Wata rana da muke ci Fedele ya nuna tekun da cokalinsa ya ce mu dube ta, munafuka, ta yi lumui kamar ba ita ba.

Ranar Alhamis, goma sha huɗu ga Maris, suka sauko da dutsen ƙarshe wajen sha ɗaya na safe. Babu iska, babu igiyar ruwa. Ina tsaye a bakin ƙyalle da kwandona. Sun riga sun ɗaure dutsen a mota, Yaya ya ce a tafi, an gama. Sai Fedele ya tuna igiyarsa tana rataye a sama. Yaya ya ce ya bar ta, zai saya masa sabuwa. Fedele ya ce wannan igiyar ta fi hasumiyarku da kakanku daraja, ya hau matakala yana ɗingishi. Yaya ya bi shi har gindin matakalar yana zaginsa ya yi sauri.

Ba ƙara na fara ji ba. Tsuntsayen teku na gani sun tashi gaba ɗaya daga ƙasan dutse. Sai ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata, sai wani sauti kamar tifa tana juye tsakuwa, amma ya ƙi ƙarewa. Farar ƙura ta rufe komai. Da ta lafa, inda hasumiya take sama ce kawai da teku. Wani guntun bango ya rage ta wajen tudu, matakalar kuma ta zube. Na tarar da Yaya a kwance, hannunsa a ƙarƙashin dutsen da ko mutum huɗu ba za su ɗaga ba. Ban san yadda na yi da gwiwata ba, na dai ga kaina a kan titi na tare motar mai burodi. Duk lokacin da ake ƙoƙarin ciro shi bai yi kukan hannunsa ko sau ɗaya ba. Fedele yake kira. Yana cewa ɗan iska, ka amsa, ka daina wasan banzan nan.

Ranar Lahadi 'yan'uwansa masunta suka same shi a ɗan lungun ruwan da ke kudu da tasha. Igiyar tana naɗe a kafaɗarsa. An binne shi Talata, Yaya yana asibiti, an yanke hannun daga saman wuyan hannu. Ni na tsaya a madadinsa a bayan coci, ban iya ɗaga ido na dubi Annita matar Fedele ba.

Tun daga nan gari ya rabu biyu. A shagon kofi wasu suna cewa Oronzo ne ya zare wa ginin ƙarfinsa, da taurin kansa ya kashe abokinsa ya kuma kashe hasumiya. Wasu suna cewa da bai yi ba da ko dutse ɗaya ba a samu ba. 'Yan sanda sun zo sau biyu sun yi tambayoyi, maganar ba a rufe ta ba tukuna. Injiniyar ta rubuta cewa rufin kogon ne ya karye daga ƙasa, ko an taɓa baka ko ba a taɓa ba ranar faɗuwa ta zo. Ta zo da kanta har gida ta karanta masa. Ya yi mata godiya, da ta fita ya ce mini takarda ba ta san dutse ba, shi ya san abin da ya cire. Na dawo gidansa da zama. Ba ya cin abinci sai na tsaya a kansa. Yakan sa in fitar masa da kujera tsakar gida, ya zauna ya juya wa duwatsun baya. Ciwon ya ƙi warkewa saboda suga, likita kuma ya ja ni gefe ya ce zuciyar ba ta da sauran ƙarfi sosai, in akwai abin da iyali suke son yi kada su jira baɗi.

Bayan Ista da kwana uku, da la'asar, Annita ta shigo cikin baƙaƙen kayanta ba tare da ta buga ƙofa ba. Ba ta gaishe mu ba. Ta zagaya duwatsun a hankali, ta tsaya a kan mai ɗan kifin, ta ce waɗannan ne? Yaya ya yunƙura zai tashi ya kasa. Ta ce ya zauna, ba yafewa ta zo yi ba, ba kuma tsinuwa ba, domin har yanzu ba ta yanke wadda za ta yi ba. Ta ce shekara arba'in da shida tana aure da mutumin da bai taɓa jin maganarta ba, don haka ba ta ɗora wa kowa laifin hawansa matakala. Amma in aka bar duwatsun nan a ƙasa ƙadangaru suna shan rana a kansu, to mijinta a kan tarin ɓaraguzai ya mutu, ita kuma ba za ta iya gaya wa jikokinta haka ba. Ta ce a tayar da bakan a tashar jirage, jikin ɗan ƙaramin cocin masunta, daidai inda yake ɗaure jirginsa, kuma kafin bikin Agusta da ake fita da mutum-mutumin waliyyi cikin kwale-kwale. Ta juya ta fita. Ranar ce Yaya ya fara kuka tun da abin ya faru.

Fada Liborio ya amince da wurin. Injiniyar ta ce za ta bi takardun da kanta a rubuta duwatsun a matsayin ajiyar coci. Abin da ya rage shi ne mai ginawa. Maginan yanzu bulo da siminti suka sani. Mun kawo ɗaya daga garin maƙwabta, mutumin kirki, ya zo da injin yanka. Yaya ya kalli yadda ya ɗaga dutse ɗaya, ya ce ya riƙe shi kamar mai zaɓen kankana a kasuwa, ya ajiye ya tafi kafin ya fasa masa kai da hannun da ya rage. Wani kuma ya ce a huda su a sa ƙarfe. Ban ma bari maganar ta kai kunnen Yaya ba.

Ka riga ka gane inda na dosa. Mutum biyu Baba ya koya wa ɗaure baka babu siminti, ɗaya ba shi da hannu. Ban manta abin da ya faru tsakaninku ba, ina tsaye a bakin murhu lokacin. Baba bai cika kwana arba'in a ƙasa ba ka fito da takardar aikin Beljiyam, Yaya ya ce in ka tafi kada ka sake taɓa dutsen garin nan, kai kuma ka ce duwatsun garin nan ne suka cinye Baba da yunwa, ba za su cinye ka ba. Dukanku kun cika alkawari. Shekara talatin da takwas. Ko a jana'izar Inna kabari ne a tsakaninku, ni ina tsakiya kamar wadda aka ba ajiyar maƙiya biyu. Ban taɓa ce maka ka yi laifi da ka tafi ba, kuma yau ma ba zan ce ba. Ka ciyar da iyalinka, ka aiko wa Inna magani har ƙarshenta. Amma na gaji, Pantaleo. Shekarata sittin da bakwai, ina wanke dungulmin yayana safe da yamma, ina kallonsa yana ƙarewa, ba ni da wanda zan juya in ce wa ka ga abin da na gani.

Kada ka ce hannunka ya manta. Katangar da ka jera a gonar Baba kana ɗan shekara sha shida tana nan, itatuwan da take karewa sun mutu amma ko dutse ɗaya bai goce ba. Aikin ba zai wuce mako uku ba. Masunta sun ce su za su yi ɗauka, kai dai ka jera, shi ya zauna a kujera ya yi ta faɗa, ka san ba zai fasa ba. Ɗakin Inna yana nan, na wanke labule. In Monique za ta iya zuwa, gidan ya ishe mu. In kuma ka ga ba za ka iya ba, ka rubuto mini da hannunka ka faɗa, ba zan riƙe ka a zuciya ba, sai dai ni zan san yadda zan gaya wa Annita.

Ka gaishe mini da Monique, ka ce na gode da man shafawar da ta aiko, yana taimakon gwiwar. Ka gaishe da ɗanka Donato da matarsa, da 'yarka Sandrine, da ƙananan duka, Allah ya raya su. Gwaggo Crocefissa tana gaishe ka, ta cika casa'in da biyu, har yanzu tana tambaya ko ka yi aure. Fada Liborio ma yana gaisuwa.

Yaya bai ce in gaishe ka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ranar Alhamis na gaya masa zan rubuto maka, ko ya so ko bai so ba. Kwana uku bai yi mini magana ba. Jiya da safe ina ɗaure masa bandeji, yana kallon bango, sai ya ce in har takardar ba ta tafi ba, in gaya maka ka nemi duwatsu a can ka fara ɗagawa tun yanzu tafinka ya yi kanta, domin shi ba shi da lokacin jinyar mai bororo a hannu.

Allah ya kiyaye hanya, ya sada mu da alheri.

Taka yayarka,
Abbondanza